Yatsar Inna Ta Ƙi Lanƙwasuwa

Agadas, Laraba

Yaya Mourtala,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Biba da yara. Ina aikin garka, ya sanyin Iférouane?

Abin da na kasa faɗa maka a salula shi zan rubuta. Ka san igiyar akuya ta karya wa Inna manuniyar dama, daidai gaɓar tsakiya, aka yi mata aiki a gidan likita, aka ɗaure ƙashin da siraran ƙarafa biyu. Lokotoro ya ja mini kunne: daga kwana na biyar in riƙa lanƙwasa mata yatsar a hankali, sau huɗu kullum, in ba haka ba gaɓar za ta sandare.

Kwana biyu na yi. Ran na uku na ga Inna ta ciji gefen zanenta, hawaye na zuba. Ko a rasuwar Baba ban ga hawayenta ba. Na naɗe yatsar da tsumma, na bar ta. Duk sanda ka kira na ce muna yi, ƙarya nake.

Jiya aka cire ƙarafan. Ƙashi ya haɗe, amma yatsar tana miƙe kamar icce. Da muka dawo ta ɗauko jakar fatar da ta fara ɗinkawa, basilla ta zame mata sau uku. Ta mayar da jakar ta ajiye.

Ka yafe mini.

Ƙanwarka,
Ramata

Agadas, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso, da lemun da ka aiko. Da faɗa ka yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Mun koma likita. Lokotoro ya tambaya ko an yi motsin, na buɗe baki, Inna ta riga ni. Ta ce ita ta hana, 'yarta ta yi iyakar ƙoƙarinta. Shi ya yi ta yi mata faɗa, ni ina tsaye kaina a sunkuye.

Ya ce watakila rabin lanƙwasar ta dawo, in an dage wata uku. Yanzu muna jiƙa hannun cikin ruwan ɗumi kafin mu fara. Zafin ya ninka na da. Takan yi kuka, ni ma haka, amma ba na sakin yatsar sai na ƙirga ashirin.

Yau da safe ita ta kira ni, ta miƙo hannun da kanta.

Ka gaida Biba.

Ƙanwarka,
Ramata