Kada Ki Wuce Ni

Asabar, 1 ga Agusta, 1959. Rano.
Hutu ya samu! Na iso gida da akwatina da littattafan labari uku daga kabad ɗin makaranta: ja, shuɗi da kore. Malama Maijidda ta ce duk wadda ta karance littafi uku kaf, ta ba da labarinsu a gaban aji, ita za ta riƙe mabuɗin kabad zango mai zuwa. Mai mabuɗi kuwa ita ke fara taɓa kowane sabon littafi. Ni da Huseina 'yar ajinmu ne kawai muka ɗauki uku. Ni dai ko zan daina barci sai na riƙe mabuɗin nan.

Talata, 4 ga Agusta. Nariya.
Baba ya ce in zo Nariya, nan ƙasar Kibiya, in yi hutun wajen Iya Jumai, mahaifiyarsa, tunda ita kaɗai ce a sashenta. Kawu Mato ya goyo ni a keke, taɓo har gwiwa. Iya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce bokon nan ba a ba ku abinci ne? Ta cika mini kwano da dambu. Na ci har na kasa tashi.

Laraba, 5 ga Agusta.
An fara. Da hantsi na buɗe jan littafi a gindin ɗorawa, Iya ta tambayi abin da ke ciki. Na ce labarin wata yarinya ce da ta bi ayarin fatake neman yayanta. Ta ce ya faru? Na ce a'a, ƙirƙira aka yi. "To tatsuniya ce ke nan. Ba a tatsuniya da rana a gidan nan, so kike ki ɓata a kasuwa?" Na ce Iya wannan littafi ne. Ta ce ko a ƙwarya aka zuba ta sunanta tatsuniya.

Da dare kuma ana sallar isha take hure fitila, wai karatu da aci-bal-bal kashe ido ne. To yaushe zan karanta? Haushi kamar in yi kuka.

Juma'a, 7 ga Agusta.
Na karanta shafi tara a bayan rumbu. Cinnaka ya rama wa Iya.

Litinin, 10 ga Agusta.
Allah ya kawo Fanta, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari. Ta iske mu muna wannan musu, ta yi dariya har ƙwaryarta na rawa. Ta ce ai da magani, a zari ciyawa ɗaya daga bakin rufin ɗaki a ƙulla, an ɗaure tatsuniya ke nan. Iya ta ce ta sani sarai, ita ba ta so ne in raina abin. Ta ƙulla da hannunta, sannan ta kafa sharaɗi: tatsuniya ba a yi wa kai, mai yi wa kansa tatsuniya mahaukaci ne. In zan karanta, in karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Da ƙarfi! Abin da zan cinye a kwana biyu zai ɗauki mako. Na amsa dai, ba yadda na iya.

Alhamis, 13 ga Agusta.
Iya na kaɗi, ni ina karatu. Wai ba saurare take ba. Amma da yarinyar ta shiga rumfar wani mai daɗin baki, mazari ya tsaya cak. "Ke, kada ki ci abincin mutumin nan," in ji Iya, tana yi wa littafi magana. Na ce ba ta jin ki. Ta ce kamar ki ke nan.

Na yi dariya har littafin ya faɗi.

Lahadi, 16 ga Agusta.
Mun gama ja. An ga yayan. Iya ta ce hayaƙin murhu ne ya shigar mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Laraba, 19 ga Agusta.
An kama ni. Jiya na leƙa gaba a shuɗin, babi biyu, don in rage hanya. Yau ina karanta wurin da aka gano ɓarawon doki ashe ɗan mai gidan ne, Fanta ta dafe ƙirji, Iya kuwa ni take kallo. Ta ce kin riga mu. Na ce ni? Ta ce inda ake mamaki ba ki yi mamaki ba, muryarki ta yi lami kamar miyar da ba gishiri. Kunya ta rufe ni.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Lubabatu, in tare muke tafiya, kada ki wuce ni." Na ce to. Ta sa ƙullin ciyawar a shafin da muka tsaya.

Asabar, 22 ga Agusta.
Fanta yanzu da wuri take gama tallan nono. Ta zo da ƙanwarta, matar Kawu Mato ma ta kawo tsinkar rama nan. Kowa da bakinsa, shafi ɗaya sai a yi rabin sa'a ana gardama a kai. Da Huseina za ta gan ni da ta yi murna, ita da ke kwance a Fagge tana sheƙa karatu ba mai katse ta.

Amma gaskiya shuɗin nan ya fi daɗi da surutunsu. Ban faɗa musu ba.

Talata, 25 ga Agusta.
Koren na Turanci ne, sai in karanta jimla a zuci in juya musu da Hausa. Wata yarinya ce da ubanta ke kunna fitila a kan doguwar hasumiya a bakin teku don jiragen ruwa su gane hanya. Uban ya fita da kwalekwale bai dawo ba, ita ke hawa tana kunnawa kullum. Na rasa yadda zan kwatanta teku, na ce ruwa ne da ba a hango ƙarshensa. Iya ta ce ƙarya dai fure take. Can kuma ta ce, yarinyar ita kaɗai take hawa? Ba ta da kaka?

Alhamis, 27 ga Agusta.
Ruwa tun safe. Muka shige ɗaki mu biyar, da gasasshiyar masara. Shafi talatin a zama ɗaya! Ban taɓa jin daɗin rana irin ta yau ba.

Lahadi, 30 ga Agusta.
Saura shafi goma sha ɗaya, babin ƙarshe. An hango wani abu a kan ruwa, ba a san ko kwalekwalen uban ba ne. Nan aka aiko daga Unguwar Gai, 'yar ƙanwar Iya ta haihu. Ta yafa mayafi tana cewa gobe da hantsi tana nan, a ajiye mata yarinyarta a saman hasumiya. Jibi Kawu zai mai da ni Rano in hau mota. Akwai lokaci.

Litinin, 31 ga Agusta.
An kwana ana ruwa. Rafin da ke tsakaninmu da Unguwar Gai ya cika ya batse, ba mai haye shi. Iya ba ta dawo ba.

Na ɗauki koren sau uku. Shafi goma sha ɗaya, kafin tuwo ya nuna na gama. Matar Kawu ta ce ki karanta abinki mana, wa zai sani? Na buɗe, na ga layin farko, na rufe. Hasken ɗakin ba shi da kyau yau.

Talata, 1 ga Satumba.
Har muka ɗaura akwati rafi bai janye ba. Na bar sallahu wajen Fanta: a gaya wa Iya yarinyar na nan inda ta bar ta. Fanta ta ce ke ma ba ki san ƙarshen ba? Na ce ban sani ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ba ni curin man shanu a ganye.

Juma'a, 4 ga Satumba. Kano.
Malama Maijidda ta tsai da mu gaban aji. Huseina ta zubo nata ukun tiryan-tiryan. Na ba da ja da shuɗi, har da muryoyi, aji na ta dariya, Malama ma ta rufe baki da hannu. Da na zo kore na tsaya inda muka tsaya. Ta ce sai me ya faru? Zan iya cewa uban ya dawo, ai yawanci haka ake ƙarewa. Na ce ban karanta ba, Malama, saura shafi goma sha ɗaya. Ta ce me ya hana ki? Na ce ruwa ne ya cika rafi. Aji ya fashe da dariya.

Huseina ta rataya mabuɗi a wuya, tana ta kaɗa shi don in ji. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma bai kai yadda na zata ba.

Da yamma na je wajen Huseina na ce ta rubuta sunana a kan koren, hutun Disamba. Ta ce ga shi nan a kabad, ki zauna ki ƙarasa yanzu mana, wa ya hana ki? Na ce ba sauri nake ba.