Waken Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Buhun wake ɗari da goma aka kawo sito. Na soka ƙarfen duba wake a buhu, na ɗebo, na sansana, kamar kullum. Tara na mayar, warin maganin ƙwari har cikin ido. Manaja ya sake karanto mana karatun nan nasa: in buhu ɗaya mai magani ya tsallake, masu saye a ƙasar waje za su dawo da lodin gaba ɗaya, ni kuma in nemi wani aikin. Na ji.

Laraba, 5 ga Maris
Yaya ya kawo nasa, buhu arba'in, noman shekara guda. Tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini. Na soka uku don dai a ce na duba. Yana ta raha da masu dako, wai ƙanwarsa ce mai sito, shi ya goye ta.
Na ce, "Yaya, ba zai shiga ba."
Ya ce murfi biyu kawai na magani ya yayyafa, ƙwari ne suka so gamawa da shi. Na sa hannu a takardar mayarwa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Alhamis, 6 ga Maris
Mama ta kira. Wai hancin nawa ba ya gane jini? Na ce wake yake ganewa. Ta kashe waya.

Lahadi, 9 ga Maris
An ce Yaya ya sayar a kasuwa, rabin farashi. Masu awo sun kwashe tas. Ban ji daɗi ba, amma aikina na yi.

Asabar, 15 ga Maris
Na je ɗauko yara gidan Mama, na tarar sun cinye wake har da suɗe kwano. Na buɗe buhun da ke kicin. Ba sai na kai hanci ba. Yaya ne ya rage mata rabin buhu.
Mama ta ce ta wanke sau uku, kuma su abin da suke ci ke nan shekara da shekaru, wa ya mutu? Na zauna har yamma ina kallon Auta, ina tambayarta cikinta. Ta gaji ta ce in bar ta ta yi wasa. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.
Lafiya lau suke.

Talata, 18 ga Maris
Aiki kamar kullum. Shida na mayar, na wani dattijo, ban ma san shi ba. Takarda ta cika, magana ta ƙare. Ban san me ya kai ni bakin ƙofa ba, na tarar har ya ɗora na ƙarshe a mota.
Na ce, "Baba, wace kasuwa za ka kai su?"
Ya ce, "Wadda kike cefane, 'yata."