Ciyawar Bakin Kogi

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau. Aikinmu dasa ciyawa ne a bakin kogi, don ta tare takin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Muna wuni cikin laka, gwiwoyina sukan yi mini gardama da safe, amma kada Inna ta ji.

Na daɗe ina juya maganar nan. A nan, takin da kogi ke kwasowa ya mayar da ruwan bakin teku kore shar, kifi ya mutu. A taron manoma da masunta, wani tsohon masunci ya dire bokitin ruwan a gaban manomin da ya fi kowa musu, ya ce, "Maƙwabci, ga kayanka na dawo maka da su." Kowa ya yi dariya ban da manomin. Shi ne kuwa ya fara bar wa ciyawa gefen gonarsa.

Tun ranar nake tunanin mijin Auta, da yake jefa raga a kogin da ke ƙasan gonarmu yana dawowa hannu wofi. Wataƙila ba takinmu ba ne, ilimina bai kai nan ba. Duk da haka, don Allah bana kada garma ta kai bakin ruwa. Ka lallashi maƙwabta ma, har wanda ba kwa ga maciji da shi. Abin da gona ta rasa, a cire daga rabona.

Allah ya ba da damina mai albarka.

Ƙaninka.