Tsohuwar da Ke Kan Iyaka

Loma Verde,
6 ga Nuwamba

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Yaya idon, yaya ƙarfin jiki? Yaya zaman Riberalta, kai da ba ka taɓa zama kujera ta yi ɗumi ba? Goggo Fermina, ke da za ki karanta masa wannan takarda, ina gaishe ki, kuma don Allah kada ki tsallake wuraren da na tsokane shi. Mu nan lafiya lau. Yaya Erlan da iyalinsa suna gaishe ka.

Baba, aikin da taron gari ya ɗora mini ya kankama. Kafin ƙarshen wata dole kowane itacen kastanya, mai ƙaton ƙwallon nan da muke fasawa mu sayar da 'ya'yansa, ya shiga taswira da lambarsa da sunan mai shi. Wanda ya tsinci ƙwallo a gindin itacen da ba sunansa ba, a wurin ma'aikatar gandun daji ɓarawo ne. Na gama hanyoyin daji na gida goma sha ɗaya, yanzu ina kan tamu.

Da ka ga na'urar GPS ɗin nan da ka yi dariya. Ba ta wuce tafin hannu ba, rawaya ce, kullum tana cikin leda saboda ruwa. In na kunna ta sai na nemi inda ganye ya yi ƙofa, in ɗaga ta sama in yi ta jira har ta ji taurarin ɗan'adam, sannan in danna, in kafa wa itacen ɗan gwangwani mai lamba. Baffa Baldomero yana raka ni wani lokaci duk da ciwon bayansa. Kullum sai ya ce, "'Yata, rediyon nan naki kurma ne ko kunyar mutane yake ji? Ubanki shekara arba'in yana shiga dajin nan, ban taɓa ganin an sa masa batir ba." Hanyarka kuwa, Baba, da na'ura ta zana ta, wallahi kamar hanjin kaza. Yanzu na gane dalilin da ya sa muke dawowa da yunwa tun muna yara.

Sunayen da ka sa wa itatuwa duk na rubuta su kusa da lambobi: Gurguwa, Mai Rowa, Tagwaye. Ba a ce in yi ba, amma na kasa kiran Mai Rowa da hamsin da huɗu.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Jiya na kai ga Tsohuwa, babban itacen nan da ke kan iyakarmu da Baffa. Tun da na yi wayo na san ku biyu ke cinta, shekara guda kai, shekara guda Baffa, ba takarda ba shaida. Amma injiniyar ma'aikata ta zuba tsohon layin iyaka a cikin na'urar, kuma takardarsu gurbin suna ɗaya gare ta. Na danna, sai Tsohuwa ta faɗo ɓangarenmu. Yaya Erlan har da tafi. Ya ce ita kaɗai tana ba da abin da itace biyar ba sa bayarwa, kuma ba mu muka ja layin ba. Bana kuwa shekarar Baffa ce.

Ban iya kallon idon Baffa ba. Mutumin da ya riƙe ni ranar baftismata, ni ce zan mai da shi ɓarawo da yatsana? Ka faɗa mini yadda zan yi, Baba. Ka sa Goggo ta ba mai jirgin ruwan Laraba amsa.

Allah ya ƙara sauƙi, ya sa aikin idon ya yi kyau.

'Yarka mai kewarka,
Casilda

Loma Verde,
24 ga Nuwamba

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe da Goggo. Na yi murna ƙwarai da jin an yi aikin lafiya, ko da yake an ce sai bayan sabuwar shekara za a taɓa ɗaya idon. Ka bi maganar likita, kada ka tuɓe bandejin don ka ga ko ana cutarka a wasan kati.

Amsarka ta iso, kuma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ka tambayi kaji, ka tambayi rufin ɗakin girki, har karen maƙwabta ka tambaya. A kan Tsohuwa kuwa layi ɗaya: wai hanyar tamu ce yanzu, ni da Erlan. Haba Baba! Kai da ba a yanka ayaba a gidan nan sai ka faɗi yadda za a riƙe wuƙa?

Na koma gindinta sau biyar. Ka san a ƙarƙashin ganye mai kauri na'urar tana yin kuskuren mita goma ko fiye. Ran Litinin ta ce tamu ce, ran Talata ta ce ta Baffa ce, ran Alhamis ta dawo mana da ita. Baffa ya yi dariya har da riƙe ƙugu, ya ce ashe rediyon ma ya san tsarin, sai dai shi kwana-kwana yake yi. Amma injiniya ta ce ba a yin haka. A ajiye na'urar a gindin itace ta yi ta ɗaukar awo, ta haɗa, ta fitar da tsakiya. Na yi hakan. Mita shida a cikin namu.

Yanzu zan faɗa maka abin da nake jin kunyarsa. Na ɗauki na'urar na taka taku goma zuwa ɓangaren Baffa, da niyyar in danna a can. Na san sarai za a zo a duba wasu itatuwan, kuma in aka kama ƙarya ɗaya taswirar gari gaba ɗaya za a mayar, gida talatin su rasa kakar bana. Na sani, amma na taka. Sai Baffa, da ke tsaye a bayana, ya kira ni da cikakken sunana, yadda bai taɓa yi ba. Ya ce, "Dawo nan, uwar rigima. Zauna. Ubanki bai taɓa gaya muku ba ko? Na san ba zai faɗa ba, taurin kansa ya fi ƙwallon da ya buge shi."

Baba, me ya sa sai daga bakin wani zan ji? Ya ce lokacin da Mama take da cikina, ka shiga gindin Tsohuwa ana iska, abin da kai kanka kake hana kowa, don kana gaggawar cika buhu kafin haihuwa. Ya ce ƙwallo ya faɗo daga can sama ya goge ka a gefen kai, ya same ka kwance cikin jini ba ka san inda kake ba. Ya zazzage buhunsa a ƙasa, ya ɗaure ka da igiyar goshin da yake dakon kastanya da ita, ya goyo ka tun hantsi har la'asar zuwa bakin kogi. Mu kuwa ka ce mana tabon nan na jaki ne. A Loma Verde wa ya taɓa ganin jaki? Ni ma dai da na yarda.

Ya ce tun asali Tsohuwa tamu ce, kai ka raba ta biyu bayan ka warke, ya ƙi, ka rantse ba za ka ƙara cin abincin gidansa ba in bai karɓa ba. Ya ce shekara talatin da ɗaya ya ci, ya isa haka. Sannan ya kama hannuna ya kai ni gindinta da kansa, ya tsaya a kaina har na danna. Lamba tamanin da bakwai, sunanka a gurbi. Duk hanyar dawowa yana ba ni labarin wani kifi da ya kuɓuce masa, ni kuma ina ta kuka a bayansa.

Na ba Yaya Erlan labarin. Ya ce shi ba da labari zai ciyar da yara ba. Tun ranar ba mu cika magana ba.

Taswira ta tafi jiya. Na yi aikina daidai, Baba, kuma ban taɓa jin zuciyata ta yi nauyi haka ba.

Ka huta lafiya. Allah ya dawo mana da kai kana gani.

Taka,
Casilda

Loma Verde,
19 ga Janairu

Zuwa ga Babana,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kun shige ta lafiya kai da Goggo. Yaya ido na biyu? An ce mini na farkon har ya fara gano ƙura a saman kabad ɗin Goggo. Goggo, ki yi haƙuri, mun san abin da kike fama da shi.

Ruwa ya sauka sosai, ƙwallo ya gama zuba, kowa yana daji. An karɓi taswirarmu ba gyara ko ɗaya. Baffa bai ƙara taka hanyar Tsohuwa ba. In ya fito daga tasa sai ya zagaya ta bakin rafi, da wannan bayan nasa, don kada wani ya gan shi kusa da ita.

Ni dai na zauna na yi tunani. Takarda ta ce mu kaɗai za mu tsinta, amma ba ta ce ga inda za mu sauke ba. Ran Litinin da ta wuce na ɗauki adda da kwando na tafi ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na yini ina tarawa ina fasawa, ban ci rabi ba. Washegari da na isa sai na jiyo sara tun daga nesa. Yaya Erlan ne zaune a kan gungume, ya riga ya fasa tuli guda. Bai ɗago kai ba, cewa kawai ya yi, "Ke haka ake riƙe adda? Matsa can kafin ki bar mana yatsa a cikin buhun mutane." Buhun mutane, Baba. Daga nan na san ba sai na ce komai ba.

Kwana huɗu muna dako. Shi ya ɗauki manyan, ni ƙanana, igiya a goshi, laka har gwiwa. Ran farko na bar na'urar a kunne cikin aljihu don in san nisan, daga gindin Tsohuwa zuwa ƙofar Baffa a bakin kogi. Kilomita bakwai da rabi. Ni buhuna bai kai rabin nauyinka ba, kuma sau tara na sauke shi. A wurin gangaren nan mai santsi Yaya Erlan ya tsaya yana haki, ya ce, "A nan ma Baffa ya bi da Baba a goye?" Na ce babu wata hanyar. Ya gyara igiyarsa muka ci gaba.

Mun riƙa ajiye buhunan a rumfar bayan gidansa yana daji, sai ran ƙarshe ya kama mu. Ya dubi buhunan, ya dubi goshinmu da igiya ta yi wa shaida. Fuskarsa ta murtuke, na ga alamar zai ce mu kwashe kayanmu, don ka san ba zai karɓi sadaka daga hannun yaran da aka haifa a gabansa ba. Ya ce, "Wa ya sa ku? Ubanku Nicanor ne ya aiko ku?"

Na ce e, kai ne. Na ce ka ce bana shekararsa ce, kuma rantsuwarka tana nan.

Ya zauna a kan buhu ɗaya ya daɗe yana shafa shi. Can ya ce, "Ku gaya wa tsohon banzan nan ya fi waɗannan nauyi." Sai ya tashi ya shige ɗaki, ya turo matarsa ta zubo mana shinkafa da busasshen nama.

To ka ji, Baba. Na ƙi yi wa ma'aikata ƙarya, na zo na yi wa Baffa da sunanka. Ka yafe mini. In ka dawo ya yi maka godiya, kada ka tona ni, ka karɓa kawai. In kuwa abin da kake so ke nan tun farko, ka yi shiru don ka ga ko 'ya'yanka za su gano hanyar da kansu, to ba sai ka amsa ba. Ka sake tambayata lafiyar kaji, zan gane.

Yaya Erlan yana gaishe ka, ya ce wuyansa bai juyuwa. Ka gaishe da Goggo. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

'Yarka har kullum,
Casilda