Rawani da injin yankan ciyawa

Assalamu alaikum ƴan gurup. Admin, ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ina tankaɗen gero da hantsi maƙwabcinmu ya yi sallama, ya tsaya bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce in sa hijabi, maigidana ya ji ciwo a daji wajen hanyar Rumbu, an kai shi gidan likita. Da na ga ya ƙi duban fuskata, na san abin ya wuce ciwo. Kafin mu isa Allah Ya karɓi abinsa. Yanzu ina cikin takaba, da yara uku.

Maigidana yankan ciyawa yake yi idan damina ta ja baya, ya tara wa dabbobinmu ta rani, saura ya kai kasuwar Dakoro. Bara ya sayi injin nan mai shan esans, wato fetur, da ake ratayawa a kafaɗa, mai wuƙa tana juyawa a ƙasa. Mutumin da suke aiki tare ya gaya mini yadda abin ya faru. Ciyawa ce ta nannaɗe wuƙar, sai ya ajiye injin a ƙasa bai kashe ba, don yana ba shi wahala wajen tashi. Ya duƙa zai cire, jelar rawaninsa ta zubo, injin ya kama ta ya fizgo shi. Ba zan ƙara a kan wannan ba.

Ku gane, su danginsa daga arewa suka gangaro, kakanninsu makiyaya ne. Namiji in ya isa aka naɗa masa rawani, ba ya sake fita kai a buɗe, balle gaban manya. Mekanisiyen da ya haɗa masa injin ya faɗa masa tun farko ya riƙa cire rawani, ya sa kask, wato hular kwano, da takalmi mai rufi, kuma kada hannunsa ya je kusa da wuƙa sai injin ya mutu. Ya dawo gida yana dariya, wai yaron gari zai tuɓe shi a tsakiyar daji.

Yanzu ƙanensa, Auta, yana son ya ɗauki injin ya ci gaba. Ba zan ce ba shi da hujja ba. Ciyawa tana bushewa, garken da ke saukowa za su tattake ta, kuma da ita za a riƙe awakin marayun nan har ruwa ya sauka. Da can ni da Auta kullum tsokana ce, irin ta matar wa da ƙanen miji, yanzu ko gaisuwa da nauyi muke yi. Na ce masa ga injin, amma ya rantse mini zai cire rawani lokacin aiki. Ya ce, "Haba matar yaya, kina so yara su ce an yi mini fashi a hanya? Ajali ne ya kira shi, ba ƙyalle ba." Na ce na yarda da ajali, amma shi ma yayan naka an gaya masa. Ya tashi ya fita. Washegari ya aiko a gaya mini zai tura jelar cikin riga, ya isa. Na san iskar dajin nan, na san yadda mutum yake mantawa idan ya gaji.

Na yi tunanin sayar da injin, aka ce mini kayan gado ne, ba ni da iko sai an raba. Ko da an sayar, wanda zai saya a nan shi ma mai rawani ne, yana da mata.

Mutum ɗaya Auta ba ya tsallake maganarta, ita ce Inna, mahaifiyarsu. To ita an ce mata kawai inji ya sare shi. An ɓoye mata zancen rawanin saboda ita ta saya masa shi da Sallah, ta sayar da tunkiyarta, ta zaɓi mai tsawo don ta ce babban ɗanta ba zai naɗa guntu ba. Tana da hawan jini, tun rasuwar ba ta cin kirki. Idan na gaya mata, za ta hana Auta, amma za ta kwana ta tashi da wannan har ƙarshen ranta. Idan na yi shiru, ranar da ya gaji da lallashina zai shigo ya ɗauka, ba ni da ƙarfin hana shi.

Ƴan uwa, ya zan yi? In gaya wa tsohuwa, ko akwai wata hanyar da ban gani ba? Wanda yake aiki da irin injin nan da rawani a kansa, ya faɗa mini gaskiya ko tura jela cikin riga yana isa.

Jiya da la'asar na zauna kusa da Inna, na ce akwai abin da ba a faɗa mata ba game da ranar nan. Ta ajiye carbinta tana dubana, sai masu gaisuwa suka yi sallama. Da suka tafi ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ƙarasa ba.