Ƙarfen da Ya Hana Ni Zuwa

Yaya Batulu,

Gaisuwa mai yawa daga Jamus. Yaya jikin Mama? Ya yara da mutanen Jikwoyi?

Ni lafiya lau, sai dai gugar ƙarfe ta cinye fatar yatsuna, har wayata ta daina gane su.

Kin tambayi abin da ya hana ni zuwa. Gutsattsarin ƙarfen nikel ne da nake bincike a kansu, irin na injin jirgin sama. Na goge wasu kamar madubi, na bar wasu da kaushi, na zuba su a tanderu don a ga waɗanda tsatsa za ta fi ci. In wutar ta mutu, aikin shekara ya lalace. Oga ya ce in tafi, wani zai kula. Ni ce na ƙi, Yaya. Ban yarda da hannun kowa ba.

Yanzu sakamako ya fito: masu kaushin sun yi ɓawon da ya kare su daga tsatsa. Ana ta taya ni murna, ni kuwa ina tuna ke kaɗai kike juya Mama a gado.

Ranar Juma'a ki kara mata waya a kunne, ko da ba za ta gane ni ba. Allah ya saka miki.

Ƙanwarki,
Mashkura