Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

Litinin, 3 ga Maris
Awa huɗu a layin katin shaida, wai don na'ura ta ce ba ta san ni ba. Na ɗora babban yatsa, ja. Manuni, ja. Duk goman sai da ma'aikaciyar ta gwada. Daga ƙarshe ta juya tafina ta ce, "Mama, wanki kike yi?" Na ce shekara goma sha ɗaya, a gidan mutane. Wai bilic ne ya cinye zanen yatsun, in raba hannuna da shi kwana goma in dawo. Kwana goma! Ita a ganinta hutu a aljihuna yake.
In ba katin, makaranta ba za ta karɓi 'yata Auta ba. Ranar 21 suke rufewa.

Talata, 4 ga Maris
Na gaya wa Hajiya, uwar ɗakina. Ta tausaya ƙwarai, har da "wayyo". Sannan ta miƙo min labulen falo guda shida.

Alhamis, 6 ga Maris
Rediyo, mai aikin gidan da ke kallon namu, ta tare ni wajen zubar da shara. Ba a banza ta ci sunan ba. Wai a ƙungiyarsu ta masu aikin gida an ce safar hannu hakki ce, ba alfarma ba. "Ke dai buɗe baki, Yaya, rashin tayi akan bar arha." Na ce in an kore ni ƙungiyar ce za ta riƙe min yara? Na baro ta tana zuba. Mtsw.

Asabar, 8 ga Maris
Basilin da safe, bilic da rana. Aikin baban giwa.

Lahadi, 9 ga Maris
Auta ta tambaye ni sau uku ko katin ya fito. Na daka mata tsawa. Yarinya ba ta yi min komai ba. Abin ya tsaya min a rai.

Litinin, 10 ga Maris
An kawo sabon teburin cin abinci. Hajiya tana shafa shi ta ce, "Don Allah kar bilic ya taɓa shi, yana cin katako."
Ban san sanda na shimfiɗa yatsuna goma a kai ba. Na ce, "Hajiya, yana cin mutum ma." Na ce safar hannu nake so, kuma ba ni ba wanki sai ranar 20. Shara da girki zan yi.
"Wa ke zuga ki?" in ji ta.
Na ce na'ura.
Na wuce kicin. Na ce shi ke nan, na kori kaina.

Laraba, 12 ga Maris
Kwana biyu Hajiya ba ta amsa gaisuwata. Yau sai ga safar roba, ruwan ɗorawa, a gefen famfo. Kayan wanki an kai wa mai wanki, ga mita kamar ni na haifi dattin.

Alhamis, 20 ga Maris
Na koma gaban na'ura. Ja, ja, ja. Sai ɗan ƙaramin na hagu, malalacin da ba ya taɓuka komai, ya kawo kore. Shi ya fitar da ni kunya! Ma'aikaciyar ta lallaɓa har ta samu wasu biyu. Da takardar da suka ba ni na wuce makaranta, ko gida ban biya ba. An rubuta Auta.

Lahadi, 23 ga Maris
Jiya safar dama ta huje. Na ce wa Hajiya sai an sayo wata. Labulen ɗakinta na nan cikin kwando, ba ƙafa gare su ba.
Yau ba taron ƙungiyarsu na je ba, Rediyo na raka kawai, ta ishe ni. Surutu ya yi yawa, benci ga tauri. Wata a kusa da ni tana ta ɓoye hannu cikin mayafi, na ɗan faɗa mata zancen safar hannu.
Ni ban ce na shiga ƙungiya ba. Sun dai zagayo da takarda a dangwala, ni kuma ina so in ga ko babban yatsan zai fito.
Ya fito.